Yadda Ake Sayar da Gida Alhali Hedimasta Yana Zaune a Ƙofa

Idan an yi maka canjin wurin aiki zuwa gari mai nisa, iyalinka sun riga ka tafiya, gidanka kuma ya yi kwantai saboda kasuwa ta mutu murus, to share hawayenka, ka iso inda ake rabon dabara. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, sai ka sayar da gidan nan ko da ana hango taurari ta rufinsa. Kada ka yi shakkar gwanintata. Tun ina saurayi nake zaman haya, kuma har yau ban taɓa faɗuwa a cinikin gida ba.

Duk abin da zan koya maka na gwada shi a kan mijin ƙanwata, ma'aikacin awon filaye, wanda kowa ke kira Safiyo. Mutumin kirki ne, sai dai ko shayi zai zuba sai ya duba ko teburin ya daidaita. Ƙanwata da yaransu sun tafi can garin tun farkon zangon karatu, suna cunkushe a ɗaki ɗaya a gidan gwaggonmu, suna jiran ya sayar da wannan ya saya musu wani. Kullum da safe sai ta kira shi, kafin ya gama amsa "ina kwana" ta jefo masa "An taya?"

1. Kafa allo, kada ka gaya wa kowa

Sirri shi ne jarin ɗan kasuwa. Sa a rubuta maka allo babba, ka kafe shi a jikin get da sassafe, maƙwabta su wayi gari su gani kamar kowa. Kai mai tafiya ne, ba ka da lokacin bin gida-gida kana bayani.

Haka na shawarci Safiyo, haka kuma ya yi. Maƙwabcinsa na jikin katanga tsohon shugaban makarantar firamare ne, wanda ya yi ritaya amma bai ajiye jan biro ba. Hedimasta ake ce masa. Shi da Safiyo sun yi shekara da shekaru suna rigima a kan indararo guda, mai kwaso ruwan rufin Safiyo ya juye a kan furannin Hedimasta. Safiyo ya auna ya ce a iyakarsa ruwan yake sauka, iska ce ke karkatar da shi. Hedimasta ya ce to a kira iskar ta zo ta yi bayani. Duk da wannan rigima, tun da matar Hedimasta ta rasu, kullum ƙanwata sai ta miƙa masa kwanon abinci ta kan katanga, shi kuma ya dawo da shi a wanke, ya karɓi littattafan yara ya duba.

Ranar da allon ya hau, Hedimasta ya fito da bencinsa, ya tsaya ya karanta. An rubuta GIDAN SAYARWA NE, A TUNTUBI MAI SHI. Ya zaro jan biro ya ƙara wa B ɗin ƙugiyarta, ya ja layi a ƙasa, ya koma ya zauna. Bai ce wa Safiyo uffan ba. Na ce wa Safiyo ya kwantar da hankalinsa, shiru alamar yarda ce.

2. Yi wa gidan kwalliya

Mai saye da ido yake saye. Silin da yoyo ya zana wa taswira, shafe shi da farin fenti. Ƙofar banɗaki da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da ƙafa, bar ta a buɗe, ka ce kai mutum ne mai son iska. Cika tanki kafin baƙi su zo, ka buɗe famfo da ƙarfi a gabansu, ka rufe da sauri kafin ya fara tari.

Tsagewar bango kuwa, kalanda ce maganinta. A nan muka ɗan samu matsala, domin tsagewar falon Safiyo a karkace take, shi kuma ransa ba ya ɗaukar ganin kalanda a karkace. Duk lokacin da na jirkita ta don ta rufe aibin, sai ya bi bayana ya miƙar da ita, tsagewar ta leƙo ta sama da ƙasa.

3. Nemi dillali, ka koyi cewa "albarka"

Zaɓi dillali mai waya uku, wanda duk lokacin da ka kira shi zai ce maka akwai wani babban mutum a hanya. Kada ka tambayi wace hanya ce. Babban mutumin Safiyo har yau bai iso ba, muna dai yi masa fatan sauka lafiya.

Ka kuma sani, a kasuwar da ta yi sanyi ba duk mai zuwa kallon gida ne mai saye ba. Akwai masu zuwa don su ga yadda ka jera kujeru. Akwai mai neman inuwa kafin zafin rana ya ragu. Akwai wanda zai zagaye gidan yana ƙwanƙwasa bango kamar mai zaɓen kankana, sannan ya yi maka tayin da ko get ɗin ba zai saya ba. Kada ka fusata. Yi murmushi ka ce "albarka", ka raka shi har waje, ka dawo ka zage shi a cikin ɗaki inda ba kowa.

4. Lura da wanda mai saye zai fara gamuwa da shi

Ga inda gizo ke saƙar. Duk mai zuwa gidan Safiyo sai ya wuce ta gaban bencin Hedimasta, shi kuma Hedimasta bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Wannan ita ce masifar.

Mai saye na gaske na farko likitan haƙori ne, ya zo da matarsa. Hedimasta ya miƙe ya gaishe su cikin fara'a.

"Gidan za ku duba? Madalla. Gida ne mai albarka. Kun iya iyo?"

Likita ya ce, "Iyo kuma, Baba?"

"A'a, ba komai, sai da damina ne. Ku shiga. In kun isa falo ku gaishe mini da kalanda, ku ɗan ɗaga ta, ta daɗe ba ta sha iska ba."

Suka shiga, matar ta ɗaga kalanda, suka fito. Likita ya ce za su yi shawara, kuma ka san abin da shawara take nufi a bakin mai saye.

Bayansu wata ma'aikaciyar banki ta zo. Ita tambaya ɗaya Hedimasta ya yi mata, wai barcinta yana da nauyi? Da ta ce a'a, sai ya nuna mata shagon mai walda da ke bayan layi, ya yi mata addu'ar samun sauƙi. Ko get ba ta taɓa ba.

5. Kawar da shi daga ƙofa

Tunda ba ka iya rufe bakin dattijo, sauya lokaci. Kawo masu saye ranar da yake zuwa karɓar fansho. In ya dawo da wuri, shigar da su ta ƙofar baya.

Mun gwada duka biyun. Ranar fansho ya fasa zuwa, wai ƙafarsa na ciwo. Ranar ƙofar baya kuwa, Safiyo na tsakar gida yana nuna wa wani ɗan kasuwa tanki, sai ga kan Hedimasta ya ɓullo ta saman katanga, da butar ban ruwa a hannu. "Ina nan," in ji shi, "kada ku ce ban gaishe ku ba."

Da yammacin ranar ina zaune Safiyo ya kira ƙanwata, ya sa wayar a fili don in ji irin halin da yake ciki. Ita ma ta karanto nata. Yara a kan akwati suke aikin makaranta. Gwaggo ta fara tambaya cikin dariya ko za a sa sunansu a takardar gidan. Auta kullum sai ya tsaya a bakin ƙofa da yamma yana jiran babansa, in duhu ya yi ya ƙi cin abinci. Na ga abin ya taɓa Safiyo ƙwarai.

Sai ta ce, "Wai Baban yara, me Baba Hedimasta ya ce da ka gaya masa za mu sayar?"

"Ai ya ga allo."

"Allo?"

"Har gyara shi ya yi."

Ta ce, "Mutumin da ya kai ni asibiti ranar haihuwar auta, kana can daji kana awo, shi ka bar wa allo ya gaya masa? Wa ya ba ka wannan shawarar?"

Safiyo ya dube ni. Ni kuma na tuna ina da wani uzuri a waje.

6. In dabara ta ƙare, je ka gaishe shi

Wannan matakin da ma yana cikin tsarina tun farko, ƙanwata riga ni faɗa kawai ta yi.

Washegari da la'asar Safiyo ya je ya zauna a ƙarshen bencin. Suka gaisa, suka tambayi gajiya, suka tambayi ƙafa, har gaisuwa ta ƙare ba abin da ya rage sai magana.

"Baba, na zo in gaya maka an yi mini canjin aiki. Za mu sayar da gidan."

"Na karanta."

"Na yi kuskure, Baba."

"Biyu ka yi," in ji Hedimasta. "Ɗaya na gyara da jan biro. Ɗayan na zauna a nan ina jira ka zo ka gyara da kanka."

Kunya ta kama Safiyo, ya rasa inda zai sa idonsa. Hedimasta ya ci gaba.

"'Yata, wato matarka, da za ta tafi ta shigo ta ce mini sai sun zo hutu, na ɗauka gidan yana nan. Tun da suka tafi ba wanda ya jefo mini ƙwallo cikin furanni. Da ina faɗa a kan haka, yanzu kuwa sai in zauna ina sauraron katanga. Kai kuma za ka sallama wa duk wanda ya fi tayi, ka bar ni da mutumin da zai ƙara wa katangar nan tsawo ya sa mata waya. Tsoro nake ji, Safiyo. Na tsufa da zama kusa da wanda bai san sunana ba."

Safiyo ya ce, "To Baba, kai ka zaɓa. Amma yaran nan a kan akwati suke rubutu."

Hedimasta ya juyo da sauri. "A kan akwati? Shi ya sa rubutu ke lalacewa. Me ya hana ka faɗa tun tuni?"

7. Bar maƙwabci ya yi cinikin

Daga ranar benci ya zama ofis. Duk wanda ya zo, tambayar farko ita ce, "Yara nawa?" Wani mai kuɗi ya ce shi ba zama zai yi ba, rushewa zai yi ya gina shaguna. Hedimasta ya tambaye shi ko ya iya iyo.

Sai ga wata malamar jinya da mijinta mai gyaran firiji, da yara huɗu da tun kafin a gama gaisawa ɗaya ya haye katanga. Hedimasta da kansa ya shiga gaba. Ya ɗaga kalanda ya nuna musu tsagewar. Ya nuna musu yadda ake ɗaga ƙofar banɗaki da ƙafa. Ya bar famfo a buɗe har ya yi tarinsa ya gama. Ina gefe ina jin kamar in yi kuka, duk aikin da na yi yana rushewa a gabana.

Sannan ya ce, "Kun ga aibinsa duka, ba wanda ya rage. Amma bangon nan ya riƙe iyali har yara suka girma bai faɗo wa kowa ba. Babbar matsalar gidan maƙwabcin ne, ga shi kuma kuna gani."

Matar ta yi dariya, ta dubi mijinta. Suka taya, Safiyo ya ce albarka, suka ƙara, ya sallama. Bai kai abin da ya yi mafarki ba, amma ya isa ya fitar da iyalinsa daga ɗakin gwaggo. Dillali, wanda ba a ga ƙeyarsa ba tun ranar likitan haƙori, ya bayyana cikin minti kaɗan yana cewa da ma su ne babban mutumin da ke hanya.

Don nuna godiya, Safiyo ya ɗauko tsani zai juya indararon kafin ya tafi. Hedimasta ya riƙe tsanin.

"Kada ka taɓa shi. In ka gyara, da me zan fara magana da mutumin nan?"

8. Tafi, kada ka waiwaya

Ranar tashi ka ɗaure kaya, ka miƙa makulli, ka shiga mota. Waiwaye aikin masu raunin zuciya ne.

An gama loda babbar mota, sai Safiyo ya tuna saƙon ƙanwata, wai ya karɓo mata kwanonta mai shuɗin murfi, wanda ta miƙa ranar da za su tafi. Ya je ya faɗa.

Hedimasta ya ce, "Yana nan, a wanke. Amma ba kai ka ba ni ba. Wadda ta miƙo shi ta zo ta karɓa. Ta taho da yaran, in ga abin da akwatin nan ya yi wa rubutunsu."

Safiyo ya riƙe hannun dattijon da hannu biyu, ya shiga mota. Ya bi umarnina bai waiwaya ba. Madubi ya yi ta kallo har suka sha kwana, kuma ni ban ce komai a kan madubi ba.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan aiki da ita, ko allon da aka gyara ne, ko kalandar da aka ɗaga, ko ƙanwar da ta daina ɗaukar wayarka na ɗan lokaci. In gidanka ya ƙi sayuwa, laifin kasuwa ne. In ya sayu, ka san inda nake.

Haka kuma ba ruwansa da wahalar doguwar tafiyar da iyalin Safiyo ke yi duk hutun makaranta, wai za su karɓo kwano. Sun je sun dawo, sun sake zuwa sun dawo. Kullum ƙanwata sai sun yi nisa a hanya take tunawa ta manta shi.