Ranar da Tsoho Ya Mutu a Maje

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da muka kai wasanmu Maje ba. Ko na so in manta, mutanen Maje ba za su bar ni ba. Maigidana ne ya saba ba da labarin nan a duk inda aka taru, yana ƙara masa gishiri, ni kuma ina harararsa. Tun da ya rasu bara babu mai ba da shi, gidan kuma ya yi shiru da yawa. Shi ya sa na ce bari in ba da shi da kaina, ko da yake ni ce abin dariya a ciki.

A lokacin garin nan sunansa Abuja, ba a kai ga ɗauke sunan an kai wa sabon birni an bar mu da Suleja ba. Ni budurwa ce, ina cikin ƙungiyar mawaƙa ta majami'armu da ke wajen Kwamba. Shugabanmu, Malam Bawa, ya shirya wani wasa na waƙe-waƙe, muna yawo da shi majami'a majami'a a cikin motar katako, da gangunanmu da tulunan kiɗa da tabarmin da muke ratayawa a matsayin labule. Duk inda za mu je, Malam Bawa yakan riga mu zuwa ya koya wa mawaƙan wurin amshin waƙoƙin, don ranar wasa su tashi mu rera tare.

Labarin wasan ba shi da wuya. Wani manomi ne da mugun halinsa na dā ya hau masa baya, yana jansa gidan burkutu da wurin caca. Wannan mugun hali mutum ne a cikin wasan, sunansa Tsoho, mai gemun auduga da sanda. A ƙarshe manomin ya tuba, Tsoho ya faɗi ƙasa, a yi tsit, sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, Tsoho ya mutu!" Nan ne aikina. In fito daga ɓoye da farin ɗankwali, in rangaɗa guɗa, in ja waƙar murna, duk majami'a ta amsa. (Ba yabon kai ba, a wancan zamani idan na toshe hanci na saki guɗa a Kwamba, ana jiyo ni a kasuwa.)

Abu biyu ya kamata ku sani. Na farko, Malam Bawa ya ɗauki al'adar ba wa dattijon kowace ikilisiya wannan jimla ya faɗa, don girmamawa. Saboda haka kowane mako muryar daban ce, kalmomin kawai nake jira. Na biyu, wata rana a wurin gwaji na tambaye shi, "Malam, idan fa aka yi sanarwar wani abu dabam, yaya zan gane?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke ba Bahausa ba ce? Mutumin kirki rasuwa yake yi. Mugun hali da akuya su ke mutuwa. Kin ji 'ya mutu', ki fito kawai."

Na riƙe wannan magana da hannu biyu.

Wanda ke yin Tsoho a wasan shi ne Danladi (yanzu da ba ya nan, ina iya kiran sunansa). Ɗan Maje ne, Bagware, yana koyon kafinta a gari. Ya riga ya gaya wa iyayena yana sona, su kuma ba su ƙi ba. Matsalar tana wurin mahaifiyarsa. Ta ji an ce 'yar gari ce, ba ta san noma ba, ba ta jin yarensu, kullum tana bisa mota tana yawon waƙa. Ta ce ba za ta ce e ba, ba za ta ce a'a ba, sai ta ga yarinyar da idonta, ta ga natsuwarta. A gidansu kuwa maganarta ce magana. Ranar wasan Maje ita ce ranar ganin.

A cikin mota Danladi ya raɗa mini, "Tana bencin gaba, gefen mata, da zane mai ruwan ƙasa. Ki natsu dai."

"Ni za ka koya wa natsuwa?" in ji ni.

Majami'ar Maje ginin ƙasa ce da rufin kwano. Ba ta da ɗakin baya, don haka aka tsayar da ni a waje, ƙarƙashin 'yar rumfa kusa da ƙofar gefe, aka sake tabarma a ƙofar. Damina ce. Ana gama sujada aka fara wasa, ana fara wasa ruwa ya sauko. Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin kwano ana ruwa ya san abin da nake nufi. Ba na jin waƙa, ba na jin magana, sai dukan ganga can ƙasa-ƙasa. Na tsaya ina gyara ɗankwali, ina shirya yadda zan burge surukata. Har na yanke shawarar wani abu da ba ya cikin wasan: idan na fito, zan je gabanta in durƙusa, in kama hannunta in tashe ta mu taka tare, kowa ya ga ladabi da fara'a.

Can sai gangar ta tsaya. Na ce a raina, yau sun yi sauri, ko don ruwa ne. Na kasa kunne a jikin tabarma. Sai muryar dattijo ta taso, yana ɗaga ta sama da ƙarar kwano:

"Jama'a! Tsoho ya mutu!"

Na ɗaga tabarma, na toshe hanci, na ɗaga kai sama, na rufe ido, na saki guɗar da ban taɓa yin irinta ba kafin nan, ban kuma sake yi ba. Na ji wasu mata sun ɗauki kuwwa daga baya, na ce madalla, matan Maje sun iya amshi. Na shiga taka rawa ina bin tsakiyar majami'a, ina jan waƙa da dukan ƙarfina:

"Ya mutu, ya mutu, mun huta!"

Babu amshi. Na ce ruwa ne ya hana su ji, na ƙara murya.

"Ya mutu, ya mutu, mun huta!"

Wata mai tulu daga cikinmu, da hannunta ya saba, ta buga sau ɗaya, dum, ta tsaya. Ni kuwa na riga na iso bencin gaba. Na ga zane mai ruwan ƙasa, na durƙusa da murmushi har kunne, na kama hannun matar na ja.

Hannun bai taso ba. Na ɗaga ido. Hawaye ne a fuskarta, bakinta a buɗe, tana kallona kamar ta ga abin da ya fito daga daji.

Sai a lokacin na waiwaya. Ga Danladi a tsaye a gaban bagade, da gemun audugarsa da sandarsa, da ransa, bai faɗi ba, bai ma kusa faɗuwa ba, wasan ko rabi bai kai ba. Ga Malam Bawa ya ɗora hannu biyu a ka. Ga dattijo, kusa da shi wani mutum jiƙe sharkaf wanda da gani ya sheƙo da gudu ne daga cikin gari. Kuwwar da na ji daga baya, ashe kuka ne.

Abin da ban sani ba shi ne, akwai wani dattijo mai yawan shekaru a Maje, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina majami'ar da hannunsu, wanda babba da yaro ba sa kiransa da wani suna sai Tsoho. Yana kwance ba lafiya, ya cika ana cikin wasa. Dattijon ikilisiya kuwa Hausarsa ta kasuwa ce da gona, kuma hankalinsa a tashe yake, bai tsaya neman "rasu" ba, ya faɗi abin da ya faru yadda ya zo bakinsa. Wannan Tsoho shi ne kakan Danladi. Shi ya haifi matar da nake riƙe da hannunta.

Har yau ban san yadda na saki hannun ba. Na san dai babu wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da ya fi mini sauƙi. Mutane suka yi ta kallona kawai. Danladi ya kai hannu ya ja gemun, rabi ya fita, rabi ya maƙale saboda ƙaron da muka manna shi da shi. Na miƙe, na bi ta ƙofar da na shigo, na shiga ruwa, na haye bayan mota na kwanta tsakanin tabarmi.

Direbanmu Malam Sule, Musulmi ne daga Bagama, yana zaune a gaba yana jiran ruwa ya ɗauke. Ya leƙo. "Yarinya, lafiya? Na ji guɗa. An ba da ke ne?"

Na ce, "Malam Sule, ka tada mota mu tafi."

"Ina?"

"Ko ina."

Bai tada ba. Da ya ji labarin daga bakin wani, sai na ji ya ce, "Innalillahi," can kuma na ji kujerarsa tana girgiza. Bawan Allah yana ƙoƙarin riƙe dariya ne.

A gida na gaya wa mahaifiyata cewa maganar aure ta ƙare, ni ma kuma na bar waƙa. Ta ce, "Aure ya ƙare ko bai ƙare ba, gobe za ki je gaisuwa. Ba a yi wa mutane guɗa a kan gawa sannan a ɓuya." Washegari ta ɗaura mini baƙin ɗankwali da kanta, ta raka ni har Maje.

Tsakar gidan cike yake da mata. Ina shiga hira ta mutu (wannan kam mutuwa ta yi, ba rasuwa ba). Na durƙusa nesa da mahaifiyar Danladi, kaina a ƙasa, na ce, "Mama, sannu da haƙuri. Ubangiji ya ta'azantar."

Ta dube ni ta ce, "Ke ce mai guɗa?"

"Ni ce, Mama."

"Wa ya huta?"

"Mama, wasa ne. Ban sani ba."

"Na tambaye ki, wa ya huta?"

Sai hawaye suka zubo mini. Ta juya ta yi wa matan magana da yarensu, wata tsohuwa ta amsa, sai na ji wata ta yi ƙaramar dariya ta toshe baki. Mama ta ce, "Matso nan." Na matsa.

"Babana ya ga 'ya'yan jikokinsa," in ji ta. "A wurinmu irinsa ba da kuka kaɗai ake raka shi ba, har da kiɗa. Amma 'yata, ana bari a wanke mutum tukuna. Ke ko sanyi bai yi ba."

"Ki yafe mini, Mama."

"Jiya da na ga kin gudu, na ce shi ke nan, 'yar gari ce. Yau kuma ga ki. Mai kunya da yawa ba ta dawowa, marar kunya ba ta kuka." Ta goge idonta da bakin zane. "Za a kai shi yanzu. Matanmu duk muryarsu ta dushe. Idan an sauke shi, ki yi masa irin ta jiya. Amma ban da waƙar nan taki."

Haka aka yi. Na tsaya a bakin kabari, na jira har ta dube ni ta gyaɗa kai, sannan na saki. Bayan girbi aka ɗaura mana aure. Malam Bawa ya canza wa Tsoho suna a wasan, ya kuma daina ba dattawa jimlar. Ni kuwa sunan ya bi ni. Har yau idan na je Maje, jikokin mutanen da ke majami'ar ranar nan suna gaishe ni da "Sannu, Mama Mun-huta," yawancinsu ba su ma san dalili ba.

Danladi bai taɓa barin maganar ta kwanta ba. Idan ya dawo daga aiki na tambaye shi ya gajiya, sai ya ce, "Ban mutu ba tukuna, kada ki fito." Da ciwo ya kwantar da shi bara, wata rana ina ba shi kunu ya ce, "Ki yi mini alkawari. Ranar, ina son irin ta kakana. Amma ki bari a wanke ni."

Na ce masa ya daina irin wannan magana. Ya ce sai na yi alkawari. Na yi.

A Maje muka kai shi, kusa da mahaifiyarsa. Wannan karon na bi komai a kan tsari. Na ji da kunnena, na gani da idona, na jira aka wanke shi, na jira aka sauke shi. 'Ya'yanmu sun san da alkawarin, suka juyo suna kallona. Na toshe hanci, na ɗaga kai, na buɗe baki. Babu abin da ya fito.

Tun ranar wasan nan na koyi cewa kafin in buɗe baki, in ɗaga tabarma in leƙa tukuna, kuma na riƙe darasin shekara da shekaru. Abin da ban koya ba shi ne yadda ake sa murya ta yi biyayya. Ranar da ba a kira ta ba, ta cika majami'a, ranar da aka kira ta kuma ta ƙi zuwa. Na san dai da yana iya gani, da ya samu sabon labarin da zai ƙara wa gishiri.