Rasuwar Mai Ido Ɗaya, Kyamarar Marigayi Garzali

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, iyalan marigayi Garzali mai hoto na garin Wudil suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kyamararsa, wadda aka fi sani da Mai Ido Ɗaya. Duk wanda ya duba gawar zai ga fentin madanninta ya goge a gefe guda, daidai inda yatsan mai ita ya saba kwanciya. Ta nan ajali ya shigo mata.

Marigayiyar haifaffiyar Japan ce, amma a Wudil ta yi rayuwarta. Da fim take aiki, ba ta san caji ba, ba ta kuma taɓa nuna wa mutum hotonsa nan take ba, balle ya ce a sake. Ta ɗauki masunta a ƙarƙashin gada, ta ɗauki dillalan shanu ran Juma'a, ta ɗauki jariran da yanzu su ma goyo suke yi. Ba ta da surutu. In an danna ta ce “ƙas”, in an ja fim ta ce “ƙirrr”, shi ke nan. Bayan rasuwar mai ita, 'yarsa Mas'uda ta dawo daga jami'a ta tarar da ita a ƙasan akwati. Ta goge ta, ta kuma gano cewa mai jin nauyin mutane ba shi da maɓoyar da ta fi bayan kyamara.

Mutum ɗaya ne marigayiyar ba ta taɓa ɗauka ba, wato Malam Maikano na Lajawa, mahaifin Garzali. Duk sanda ɗansa ya roƙe shi, sai ya ce a bari a yi girbi. Aka yi ta girbi har Garzali ya riga shi tafiya. Tun daga lokacin, jikan da duk ya ɗaga masa waya, sai tsohon ya rufe fuska da hannun riga. Bana da ganinsa ya fara dishi-dishi, ya aika aka kira Mas'uda.

“Amarya,” ya ce, domin da sunan nan yake tsokanar ta tun tana rarrafe, “abar nan ta ubanki tana motsi?”

“Tana yi, Kaka.”

“To ki zo da ita washegarin Sallah. Sau ɗaya zan zauna. In kin kuskure, kin kuskure.”

Daga nan rashin lafiyar ya samo asali. Mas'uda tana son ta fito a hoton, a gefen kakanta. Abin da ake bukata kawai ta ce wa wani ya danna mata, amma faɗin hakan a gaban dangi ya fi ƙarfinta. Sai ta yi oda ta intanet aka kawo mata wata doguwar igiyar roba mai ƙwallo a ƙarshe. Ana murɗa bakinta a ramin madanni, mutum ya tsaya nesa ya matsa ƙwallon, kyamara ta ɗauka. Ba kamfanin da ya ƙera marigayiyar ne ya yi ta ba. Da ƙyar bakin ya shiga. Da ta gwada a ɗaki, madannin ya sauka lafiya, amma ya taso a hankali, kamar tsoho zai tashi daga tabarma. Ta lura. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar, da hantsi, aka jeru a ƙofar zaure a Lajawa. Malam Maikano ya fito cikin farar babbar rigar da Garzali ya ɗinka masa tun tuni saboda wannan hoton, har da karin guga a jikinta. Mas'uda ta kafa marigayiyar a kan ƙafafunta uku, ta jawo igiyar ta ƙasa, ta ɓoye ƙwallon a cikin hijabi, ta lallaɓa ta tsaya a kafaɗar kakanta.

“A'a, mai hoto ta shigo layi!” in ji Baffa Ɗantani, ƙanen mahaifinta. “To wa zai danna, aljani?”

Aka yi dariya, aka nutsu. Ta matsa.

Marigayiyar ta ce “ƙa”, ba ta ƙarasa ba.

Kowa ya daskare da murmushinsa. Tsohon, wanda da kunne yake jira ba da ido ba, ya ce, “Ban ji ta rufe baki ba.”

Mas'uda ta sake matsawa har yatsunta suka yi zafi. Ta fita daga layi, ta je ta kwance igiyar. Madannin ya nutse, ya ƙi tasowa. Ta sa farce, ta sa allurar mayafi. Yayanta Tasi'u ya ce a ɗiga man keke. Baffa ya ce ga wayoyi nan birjik, a ɗauka kawai a wuce wurin.

“Duk wanda ya ɗaga min waya, ni da shi ne,” in ji tsohon, bai ko juyo ba. Haɓarsa a sama take yadda aka gyara masa ita, gumi na gangarowa cikin wuyan rigar. Can ya ce, “Amarya, rana na dukana.”

“Yanzu, Kaka. Yanzun nan.”

“Me kika saka mata?”

“Igiya ce.”

“Ubanki da yatsa yake yi.”

Ya miƙa hannu aka tashe shi. Da za ta tafi da yamma ta durƙusa ta yi masa sallama, ya ce, “Ki gaida gida, Mas'uda.”

An garzaya da marigayiyar Kano. Mai gyara ya ce tsinin igiyar ya zarce inda ya kamata, ya lanƙwasa wani ƙarfe a ciki, kuma an daina ƙera irinsa. Aka wanke fim ɗin. A hotunan da aka ɗauka kafin ranar, kwalekwale ya fito, awakin maƙwabta sun fito. Na ƙarshen ya fito fari fat, domin idonta a buɗe ya tsaya har rana ta cinye komai.

Ta rasu ta bar jakar fata mai tsinkakken maɗauri, da ƙafafu uku da ba su da abin ɗauka, da hotuna a bangon ɗakuna tun daga Darki har Dagumawa. Igiyar tana tsare a ƙarƙashin gado.

An tsara za a naɗe ta a tsohon rawanin Garzali, Allah Ya jiƙansa, a mayar da ita ƙasan akwatin da aka same ta, ran Juma'a bayan la'asar, a gidan iyalan da ke Wudil. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su tambayi yadda aka yi.

Sai dai an samu sauyi. Yau da safe Baffa ya kawo Malam Maikano a babur, sanye da farar rigar nan. Bayan gaisuwa ya nemi kujera a tsakar gida, ya zauna yana fuskantar haske, ya sa aka ɗora masa marigayiyar a cinya. Ya lalubo madannin, ya danna, ya karkata kunne. Mas'uda na tsaye a bakin ƙofa, waya a hannu. Ta ajiye wayar a kan turmi, ta tako ta tsaya a kafaɗarsa. Tsohon ya gyara zama, ya ɗaga haɓa. Tasi'u ya kai hannu aljihu zai zaro waya, mahaifiyarsu ta girgiza masa kai.

Sun jima a haka. Don haka ake sanar da jama'a cewa ba za a yi jana'izar a Wudil ba, domin daga nan Malam Maikano ya miƙe, ya rataya ta a wuya yadda ɗansa yake yi, ya laluba ya saka takalmansa, ya fita.