Yadda Za Ka Kai Ranar Yaye Ɗalibai Ba Ka Rubuta Babi Na Ɗaya Ba

Kai ɗalibin shekarar ƙarshe, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, za a yaye ajinku kaf kana nan kana shirin fara rubuta kundin bincikenka. Gwaninmu a wannan fanni wani ne da ake kira Ba Komai, don duk abin da ka roƙe shi amsarsa ke nan.

1. San halinka

Kowa da irin jinkirinsa, kar ka ari na wani. In kai mai son komai ya fita tsaf ne, zauna a shafin take kana canza girman rubutu. In mai fargaba ne, kar ka buɗe saƙon malamin da ke duba aikinka. Saƙon da ba a buɗe ba ai bai ce komai ba tukuna. Amma duk a cikin halaye babu kamar kirki, kuma Ba Komai mutumin kirki ne.

2. Bar ƙofar ɗaki a buɗe

Da Ba Komai ya rubuta "Gabatarwa" sai wani ya leƙo: "Don Allah ɗan duba mini babi na uku." Nan take zai rufe nasa, har da ajiyar zuciya, don shafin nan fari tsoro yake ba shi. Lura da kyau: mai taimako ba a kiransa malalaci, albarka ake sa masa.

3. Guje wa malami cikin ladabi

Kar ka ɓuya, wannan aikin 'yan aji ɗaya ne. Tare shi a baranda, ka gaishe shi, ka karɓi jakarsa. In ya ce ina aikin, ka ce, "Saura 'yan gyare-gyare, ranka ya daɗe."

4. Kwantar wa Mama da hankali

Duk sanda ta kira, Ba Komai cewa yake, "An kusa, Mama." Ita kuwa ta ɗinka sabon kaya, ta gaya wa maƙwabta auta zai gama.

5. Ranar biki, zama mai ɗaukar hoto

Ba Komai ya karɓi wayar kowa, ya ɗauki kowa. Abokai suka yanyame mahaifiyarsa: "Mama, wallahi ba don ɗanki ba da ban gama ba!" Tana ta murmushi, har da share hawaye. Can ta juyo: "To kai ina taka rigar? Sa mu ɗauki namu mana."

Wani abokinsa ya yi wuf ya tuɓe tasa, ya yafa masa, ya ɗora masa hular. Aka ɗauka. Hoton ya yi kyau ƙwarai.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba ruwansa da abin da zai biyo baya, ko maimaita shekara ne ko ciwon kai. Musamman ba ruwansa da hoton da Mama ta sa aka ƙara wa girma ta rataye a falo, daidai inda za ka zauna ka gaya mata.