Gimbiyar Don Filadelfo Ba Ta Son Zafi

Duk faɗin birnin Catania, daga kasuwar kifi har gindin Etna, dutsen nan mai aman wuta, babu kunne irin na Don Filadelfo Scuderi. Wannan ba jita-jita ba ce, daga bakinsa muka ji, kuma ba sau ɗaya ba. Idan ana kaɗa ƙararrawar coci sai ya ja burki a tsakiyar titi, ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa, ya sanar da mu cewa sautinta ya ɗan yi ƙasa da na jiya. Mu 'yan layin, da yake ba a ba mu wannan baiwar ba, sai muka sa masa suna Kunnen Turai. Ya karɓa hannu bibbiyu, har ya ce mun makara.

A ƙasan benensa akwai injin yanka faifan garmaho, ƙirar Jamus, wanda ya girmi rabin mutanen unguwa. Ya samo shi ne lokacin da wani kamfanin waƙa ya rufe, kuma sai da aka fasa bango kafin ya shiga. Aikinsa ba shi da wuyar faɗi: ka yi waƙa, allura mai zafi ta bi fuskar baƙin faifai tana sassaƙa muryarka layi-layi. Sai dai kan da ke riƙe da allurar yana da wasu wayoyi sirara kamar gashin jariri, da sun ɗauki zafi sun ƙone, shi ya sa ake hura musu iskar hiliyom daga tukunyar gas. Wannan ɗan bayani shi Don Filadelfo ya mayar addini. Ya raɗa wa injin suna Gimbiya, ya naɗa kansa dogarinta.

Na'urar sanyaya ɗaki guda ce a gidan, kuma ba sai an faɗi ɗakin da take ba. A watan Agusta, lokacin da kwalta ke kama tafin takalmi, matarsa Donna Venera tana sama tana soya gauta da jiƙaƙƙen tawul a wuya, Gimbiya tana ƙasa tana shan iska. Faya-fayan da ba a yanka ba suka kori kifi da cuku daga firji. Ranar da Etna ta yi amai toka ta rufe gari, zannuwan gadon auren Donna Venera, masu aikin hannun kakarta, su aka toshe tagogin ƙasa da su.

"Venera, ki gane," in ji shi, "ke in kin yi gumi za ki bushe. Gimbiya in ta yi gumi, tarihi ne ya ƙone."

Ta dai ƙara wa taliyarsa gishiri.

Baƙo ba ya shiga ɗakin da takalmi, ba ya shiga in ya ci tafarnuwa, in zai yi numfashi kuma ya juya wajen ƙofa. Sau ɗaya kan injin ya taɓa ƙonewa, ranar da Don ya gwada shi da fito nasa na kansa. Ya naɗe shi a auduga, ya hau jirgin ƙasa zuwa arewa wurin wani tsoho mai sake naɗa irin waɗannan wayoyi, ya kama wa kan injin kujerar taga, shi ya zauna ta ciki. Da ya dawo ya shaida mana cewa tsohon ya ƙaru ƙwarai da wannan ziyara.

Faifai nawa ya taɓa yankawa? Wannan tambayar marasa kunne ce. Gimbiya ba don aiki take ba, don kiyayewa take.

Ana nan sai maganar Zio Cirino ta taso. Shi ne na ƙarshe cikin masu keken doki da suka yi jigilar lemo daga gonakin Lentini, kuma shi kaɗai ya rage da waƙoƙin da suke rerawa a hanya don kada barci ya kwashe su. Jikokinsa sun sha kai masa waya kusa da baki don su ɗauki muryarsa, yana ture ta. Ya ce ba zai zuba waƙar ubansa a cikin abin da mutane ke zama a kai a aljihun baya ba. Faifai yake so, baƙi, mai juyawa, wanda za a riƙe da hannu biyu. Ga shi huhunsa ya fara ba shi sanarwa. Matarsa Zia Tudda ta ɗaura ɗankwali ta zo ta roƙi Don Filadelfo.

Don ya ji daɗin roƙon, har ya so a maimaita. Sannan ya kafa sharaɗi: tsohon ya rage harafin "s" a waƙarsa, don kaifinsa yana dafa wayoyin Gimbiya.

"Don Filadè," in ji Zio Cirino da aka kai masa saƙo, yana buɗe baki don a gani, "haƙorana sun riga sun yi maka wannan aikin."

Aka sa rana a Yuli, Don ya ce zafi ya yi yawa. Aka sa a Agusta, ya ce iskar da ke ketowa daga teku ta cika laima. Da iskar ta kwanta ya ce bai yarda da kwanciyarta ba. Zia Tudda ta daina zuwa wurinsa, ta hau sama wurin Donna Venera. Abin da matan biyu suka tattauna ba mu sani ba. Mun dai ga Donna Venera ta sauko da sukudireba a hannu, ta tsaya ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗakin tana ƙare mata kallo. A take Don ya gano cewa Lahadi mai zuwa yanayi zai yi daidai.

Ranar, bayan an fito daga coci, ɗakin ya cika: limamin cocin, wani kansila, dangin tsohon, da mu 'yan kallo, kowa da safa. An tara wayoyinmu a kwandon burodi a waje, don kada su razana allura. Zio Cirino na zaune cikin kwat ɗin da ya yi aure da ita, wadda yanzu za ta ɗauki biyunsa. Don, cikin farar riga irin ta likitoci, ya ciro faifai, ya hure shi, ya buɗe gas, ya sauke allura. Baƙin zaren da take sassaƙowa ya fara bin bututu yana faɗawa kwalbar ruwa. Sai ya tako gaban makirufo ya ce zai yi kalma biyu domin na baya.

"Ya ku al'ummar da ba a haifa ba tukuna! Muryar da kuke ji ta Filadelfo Scuderi ce."

Ya fara daga Girkawan da suka gina dandalin wasa a Siracusa, waɗanda a cewarsa sun yi ƙoƙari daidai gwargwado. Ya bi ta kan mahaifiyarsa, wadda ta lura tun yana zanin goyo yana kuka a kan sauti daidai. Ya yi bayanin hiliyom. Ya yafe wa waɗanda ba su fahimce shi ba, ya ambaci sunayen wasunsu don yafiyar ta isa inda aka aike ta. Donna Venera ta yi gyaran murya, ya ɗaga mata hannu. Kansila ya duba agogo. Faifai yana ta juyawa, babu wanda ya isa ya leƙa, don an ja layi da alli a ƙasa.

Da ya gama, ya yi wa tsohon alama kamar mai ba da sadaka. Zio Cirino ya miƙe da ƙyar, ya yi tari, ya ce, "Tudda, miƙo min ruwan nan." Ya sha. Ya dafa kuncinsa da tafin hannu yadda masu keken doki ke yi, ya ja numfashi, ya saki murya.

Ban san yadda zan faɗa muku ba. Waƙar wani ce da ke kan hanya yana gaya wa dokinsa sunan matar da ke jiransa. Muryar ta tsufa, tana rawa, amma ta cika ɗakin ta fita ta inda aka toshe. Limami ya cire tabarau. Zia Tudda ta cusa bakin ɗankwali a baki. Da ya kai ƙarshe ya zauna, babu wanda ya iya tafa masa.

Don Filadelfo ya koma wurin Gimbiya, ya tarar allura ta daɗe da isa ƙarshen faifai. Ya ɗaga ta a hankali. Ya kai bayan hannu kusa da kan injin, ya girgiza kai.

"Ta yi ɗumi," ya ce. "Ba zan kashe ta don waƙa ɗaya ba. Ku dawo in sanyi ya shigo."

Zio Cirino bai jira sanyi ba. An binne shi kafin lemon shekarar ya nuna.

Don ya nuna halin girma. Ya kai wa Zia Tudda faifan da kansa, cikin kwali mai hotonsa yana dafe da Gimbiya. Ta sa shi a tsohon garmahon surukinta. Abin da ya shiga na mijinta bai wuce faɗin ɗan yatsa ba, can kusa da tsakiya: tarin nan, da "Tudda, miƙo min ruwan nan," da jan numfashi. Kullum in ta gama wanke-wanken rana sai ta ɗora allura daidai wurin, ta zauna, ta amsa masa, "Ga shi nan, tsoho, kada ka zubar."

Irin wannan faifan ba ya jure yawan ji. Da bazara ta zagayo, Don ya je duba lafiyar aikinsa da madubin ƙara girma, ya dawo shagon kofi fuskarsa tana haske, ya sa aka kashe rediyo.

"Jama'a, kimiyya ta yi magana. Wurin marigayin ya cinye, ya yi fari fat, da ƙyar ake jin tarin. Amma nawa ɓangaren? Ku je ku gani da idonku. Yana ƙyalli kamar ranar da na yanka shi. Wallahi kamar allura ba ta taɓa bi ta kai ba."

Muka ce lallai kuwa, Don Filadè. Lallai kuwa.