Rasuwar Talatu, Wadda Ba Ta Iya Ƙugiya Ba

Da zuciya mai cike da bakin ciki, Malam Tanko Gambo mai buga katin biki a Kawo yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, Talatu. Mai karatu kada ya ce marubuci ya manta ƙugiyar da ke kan kalmar can ta sama. Da gangan aka bar ta haka don girmama marigayiya, domin haka ta rubuta ta duk tsawon rayuwarta.

Ranar Talata ta shigo shagon, shi ya sa ta ci sunan. Ta zo da ɗan tsufanta, amma ta yi aiki tuƙuru. Katin aure, katin suna, katin saukar karatu, babu gidan da aikinta bai shiga ba daga Rafin Guza har Kurmin Mashi. Mai haƙuri ce. Ta sha ɗaukewar wuta ba adadi, ta sha hayaƙin janareta, an taɓa ɓarar mata da kunun gyaɗa a jiki, ba ta ce uffan ba. Kowace safiya sai ta yi "fuuu", ta yi "ƙit-ƙit", sannan ta buɗe ido, kuma kafin nan Malam ya gama shan shayinsa ya gaisa da maƙwabta.

Mutum tara yake bai cika goma ba, balle na'ura. Talatu ba ta iya rubuta baƙaƙe masu ƙugiya ba. A wurinta ƙ da k duk ɗaya ne. Saboda haka kowane kati ya fito, sai Malam ya bi shi da baƙin biro yana lanƙwasa wa haruffa kai. Ran da ya tsallake guda, wani angon ya raba kati mai cewa ana gayyatar "manyan baki", kuma aka ce sun amsa gayyatar.

Rashin lafiyar ajali ta faro ne da aka sa ranar auren Umaima, 'yar Malam ta fari. Ya yi mata alkawari cewa katinta biro ba zai taɓa shi ba. Ya ji labarin wata babbar manhaja ta kyauta da ta san ƙugiya, ya shiga intanet neman yadda ake saka ta. Bayanai suka fito rututu, sai ya zaɓi wanda ya fi kowane tsufa. Umaima ta leƙa ta ce, "Baba, wannan fa tun ina firamare aka rubuta shi." Ya ce, "To ai shi ya sa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ashe wannan babban ya daɗe da daina hange. Bayanin ya sa Malam ya kwaso tsofaffin ƙananan manhajoji ya zuba cikin sabon gida, wato babbar manhajar. Wannan ta ce ba ta aiki sai an kawo mata waccan, waccan ta ce in dai wannan na nan ita ba ta shigowa. Talatu ta yi ta tambaya a kan allo: wacce za a cire? Malam kuwa mutum ne da ya yi suna wajen sulhu a unguwa, bai taɓa goyon bayan a kori kowa ba. Ya ce duk su zauna, zo mu zauna zo mu saɓa. Ya danna, ya sake dannawa.

An shaida cewa dab da cikawarta ta buɗe katin Umaima, Malam ya gwada, sai ga "baƙi" da ƙugiyarta tsaf, karo na farko. Ya miƙe zai kira maƙwabta su gani. Kafin ya juyo ta yi "tiii", allo ya yi duhu. Lawal mai gyara ya duba ya girgiza kai ya ce, "Malam, sai haƙuri. Cikin ne ya rikice gaba ɗaya." Malam ya yi kuka, kuma bai ɓoye ba.

Ta rasu ta bar firinta mai tari, da linzami mai ɗingishi, da caja da aka ɗaure da baƙin salatif. Ta kuma bar tulin katin Umaima da aka buga tun farko don ko-ta-kwana, ba ƙugiya ko ɗaya. Malam ya kasa haɗa ido da 'yarsa, sai ita ta ɗauko biro ta sa masa a hannu. Ta ce, "Baba, duk amaren Kawo da ƙugiyar hannunka suka tafi ɗakinsu. Ni ce za a hana?"

Za a yi rakiyar marigayiya ranar Talata bayan La'asar, daga shago zuwa kurar 'yan gwangwan. Za a karɓi gaisuwa a bencin ƙofar shago, kuma duk mai zuwa ya taho da baƙin biro, domin aiki na nan jibge. Kati ɗaya ne kawai ba a yarda kowa ya taɓa ba, wanda amarya za ta adana, Malam zai yi wa wannan da kansa. Ana gayyatar manyan baƙi. Manyan baki kuwa, masu cewa ai an gaya masa, su yi zamansu a gida, gaisuwarsu ta iso.