Masassarar da Ta Kai Ni Andarai

Duk zuriyarmu ba wanda ya kai ni sanin waya, haka nake cika baki. Shi ya sa da na shiga wasan neman gwangwanin da ake ɓoyewa a daji, waya tana nuna maka hanya, ban tambayi kowa komai ba.

Ranar da surukina ya kira gayyar dashen albasa a Gehuru, na aika cewa masassara ta kayar da ni, na hau babur sai Andarai. Da isata na danna wayar don abokan wasa su riƙa ganin inda nake. Ashe zauren hirar dangin matata na waya na tura wa. Tun hantsi ƙannenta ke cikin fadama suna kallon ɗigona a taswirar waya yana kewaya tsamiya guda. Gwangwanin ma ban same shi ba.

Da la'asar tsohon ya zo duba ni. Ya tarar da ni cikin bargo, ƙafafuna buɗu-buɗu da ƙura.

"Sannu da jiki," in ji shi. "Halan tsamiyar ta ba ka magani?"

Har yau ko atishawa na yi, sai matata ta ce, "A fito da babur, masassara ta motsa."