Ranar da Na Ɓoye wa Injiniya Tsagar Bangonmu

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da abin da na jawo mana a bazarar bana ba.

Ni da Mama muna zaune a wani rukunin gidajen gwamnati a Tarauni. Da sunan Baba aka ba da gidan, shi kuwa ya rasu, don haka kullum a tsorace muke kada a ce mu tattara. Da aka sanar cewa gwamnati ta ware kuɗin gyaran gidajen, kowa ya hau murna, ni kuwa ban yarda ba. Gwamnati ta gyara maka gida haka kawai? Na ce dabara ce: su zo su ga ɓarna, su ce mu muka lalata, su kore mu su ba nasu.

Ranar da masu dubawa suka zo, Mama ta tafi suna Gyaɗi-Gyaɗi. Ina hango su a farkon layi, na zabura. Na janyo kabad na tare tsagar bangon falo (ni kaɗai, wallahi ban san ina da wannan ƙarfin ba). Inda silin ya ruɓe, na kafa zanin gadon Mama da ƙusa kamar ado. Ramin tsakar ɗaki na shimfiɗa masa darduma. Bokitan tarar yoyo na tura ƙarƙashin gado, na kunna turaren wuta ya danne warin danshi.

Injiniyan, wani dattijo mai tabarau, ya yi sallama ya shigo yana kalle-kalle.

"'Yata, kuna da yoyo?"

"Ko ɗigo, Baba."

"Banɗaki fa?"

"Da mutum a ciki." (Babu kowa. Ƙofar ce kana taɓawa take faɗowa.)

Ya ce Masha Allah, ya yi rubutu ya fita. Na mayar da komai inda yake kafin Mama ta dawo, ina jin kaina jarumar da ta ceci gida.

Bayan mako biyu aka tara mu a ƙarƙashin darbejiya, injiniyan ma yana zaune. Shugaban masu haya ya karanto gidajen da za a gyara, har ya gama babu namu. Sai ya ce, "Gida ɗaya ne ba ya buƙatar komai, na Hajiya mai lamba sha huɗu. Ku yi koyi da su!" Aka hau tafi.

Maman Grace, malamar firamaren da muke bango ɗaya da ita, ta miƙe.

"Wane gidan? Wanda nake jin tarin Hajiya ta tsagar bango? Bokitina biyu suna can tun bara!"

Mama ta juyo a hankali. "Ke, me kika nuna wa bayin Allah?"

A gaban mutanen unguwa kaf na faɗi komai, tun daga kabad har turare. Dariya kuwa, har da masu riƙe ciki. Injiniyan ya ce mu je ya gani, aka biyo mu zuga guda. Ya daɗe yana kallon tsagar, ya zira hannunsa ciki, ya ce, "Ashe kabad ɗinku yawo yake yi." Sannan ya dube ni. "'Yata, da korar ku za a yi, takarda za a aiko, ba ni ba."

Kowa ya ɗauki maganar a matsayin lallashi. Ni dai tun ranar, duk wanda ya shigo layinmu da takarda a hannu sai na leƙa ta taga.

Ya ƙara sunanmu da biro, can ƙarshen jerin. Damina ta sauka, maƙwabta suna ƙarƙashin sabon kwano, mu ba a zo kanmu ba tukuna. Mama ta ce tunda ni na shaida babu ko ɗigo, zubar da bokitan aikina ne.

Na dai koyi abu ɗaya: baƙo ake ɓoye wa tsagar bango, ba mai gyara ba. Sai dai ranar da za su zo cire mana kwano, a tsakar gida zan zauna, ba zan motsa ba sai na ga sun mayar da wani.